Ni Ne Bakin Yaya Lawali

Tunda muka dawo hutu kun hana ni sakat. A ɗakin kwana tambaya, a layin abinci tambaya, har a bakin famfo sai wani ya ɗage min hula ya leƙa tabon ya ce, "Murtala, wai da gaske ka yi wasiyya?" To ku huta, da gaske ne. Na kwanta a gefen titi tsakanin Shinkafi da Kaura na rarraba tantabaruna, na yafe wa duk wanda ya taɓa satar min sabulu a makarantar nan, na ce a gaya wa malamin lissafi shi kaɗai ne ban yafe wa ba. Duk a kan tsagewar fatar kai da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya kawo muku labarin bai ƙara gishiri ba, ya dai tsaya ne inda dariya ta ƙare. Ni zan faro daga gida, kuma zan wuce nan.

Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, tana aure a wani ƙauye hayin iyaka, cikin Nijar. Ta yi jika, aka aiko mana da goron suna har Birnin Tsaba. Yayana Lawali tela ne, shi ya ɗinka kayan jaririn da na mai jego, don haka shi aka wakilta. Ni kuwa na wakilta kaina. Na yi ta naci har Baba ya ce, "A tafi da shi, ko kunnuwanmu sa huta."

Ku da ba ku san Yaya Lawali ba, ku ɗauke ni ku juya, shi ke nan kun gan shi. Innarmu Bafulatana ce, shi ya kwaso halinta kaf bai rage min ko kaɗan ba. Kunama ta taɓa harbinsa a gona da hantsi, ba wanda ya sani sai da yamma da aka ga ya kasa sa takalmi. A wurinsa namiji ya ce "wayyo" daidai yake da ya fita kasuwa ba wando. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ranar da za mu tashi ni ta kira bakin ɗakinta, alhali yana tsaye nan kusa yana ɗaure ƙullin kaya.

Ta ce, "Kai mai baki, zo nan. Ka san halin wancan. Ko wuta ta kama rigarsa ba ya faɗi. In wani abu ya same shi kan hanya, kai ne bakinsa. Ka ji?"

Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ko tari ya yi sai Kaura ta ji."

Ta harare ni. Yaya Lawali ya yi murmushi bai ɗago kai ba.

Daga Zurmi muka hau mota zuwa Kaura. A tashar Kaura muka tarar da sabon tsari, tunda lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba: motar mata daban, ta maza daban. Wani tsoho ya riƙe ƙofar motar mata ya ce shi tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa bai taɓa tafiya ya bar tsohuwarsa ba. Tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, tahi abinka, yau dai in huta da labarin jirgi." Kowa ya kwashe da dariya har da 'yan agaji. Ko'ina ka duba a garin sabon fenti ne da sabon allo, ofishin kaza na sabuwar jiha, reshen kaza na sabuwar jiha. Na ce wa Yaya Lawali ya bar ɗinki ya koma rubutun allo, nan arziki yake. Ya ce, "Uhm."

Shinkafi muka kwana, daren kasuwa, a zauren wani fatoma abokin Baba. Mun kai mu nawa ban sani ba, na dai san ƙafar wani mai sayar da raƙuma ce matashin kaina, kuma ƙafar nan ta fi raƙuman wari. Kuɗin cizon zauren kuwa ba cizo suke ba, ɗiban jini suke kamar an aiko su. An kawo tuwon dawa da miyar kuka, na sa hannu sau biyu, na uku na taɓo ƙasan akushi. Yaya Lawali ya turo min ragowar lomarsa ya ce ya ƙoshi. Na san ƙarya ce, na kuma cinye.

Washegari muka bi hanyar daji a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. A kan iyaka wani jandarma dogo, siriri kamar karan dawa, ya tsayar da mu ya ce kowa ya fito da katin shaida. Na gyara tsayuwa na zuba masa duk Faransancin da na tara a rayuwata, kalmomi biyu ne, na maimaita su har suka yi kama da jimla. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Hausar da ta fi tawa, "Wanga ɗan naku lafiya yake?" Ya kwance ƙullin Yaya Lawali, ya ɗaga 'yar rigar jariri yana juya ta, ya ce ɗinkin ya yi kyau, ko akwai kado? Kado shi ne kyauta a bakinsu. Yaya Lawali ya zaro wata 'yar hular jariri ya ba shi, muka wuce.

Mutanen can Hausawa ne kamar mu, amma komai nasu da ɗan bambanci. Burodinsu dogo ne, mai tauri, ka iya korar kare da shi. Shayinsu a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sai an dafa shi an juye an sake juyewa har ka manta kana jira. Ranar suna aka buga kalangu tsakar rana, mata na rawa a fili, abin da mu a gida an riga an daina gani. Na tsaya baki buɗe har ƙuda ya kusa shiga. Na kuma hango wani dattijo da na sani daga wajenmu, wanda a gida ba ya rasa sahun gaba, yana fitowa daga wata rumfa da ba masallaci ba ce. Muna haɗa ido ya ja rawani ya rufe fuska. Ba zan faɗi sunansa ba, amma tun daga ranar in ya gan ni shi ke fara gaishe ni.

Da za mu taho Gwaggo Hajo ta ba mu cuku a leda, busasshen nono ne da suke yi fale-fale, ta ce na Inna ne. Kafin mu iso Shinkafi na gutsuri gefe-gefensa har ya fara kama da taswira.

A Shinkafi muka shiga bas ta Kaura da hantsi. Ni ina bakin taga, Yaya Lawali na gefena. Ba mu yi rabin hanya ba taya ta gaba ta fashe. Na ji ƙara, na ji salati, sama ta koma ƙasa. Da na buɗe ido ina kwance a gefen titi, jini ya rufe min fuska. Ashe fatar kai haka take, ɗan tsagewa kaɗan sai ka ce an yanka sa. Nan ne na yi wasiyyar da kuka ji. Ku yi dariyarku yanzu, don daga nan babu sauran ta.

Yaya Lawali shi ya jawo ni daga cikin motar. Ya koma ya jawo wani tsoho, ya jawo wani yaro. Ƙarfen kujera ya buge shi a haƙarƙarin hagu, amma ko ɗigon jini babu a rigarsa. Kowa ya ce wannan Allah ya kiyaye shi.

Aka kwashe mu zuwa wani ƙaramin asibiti a garin da ya fi kusa. Nas ɗaya muka tarar, Malam Garba, da wani mai shara da ke miƙa masa kaya. Ba zan zage shi ba. Mutum ne mai kirki, gumi ya jiƙe masa riga, ko zama bai yi ba. Amma tsarinsa shi ne tsarin da kowa zai yi: wanda ya fi jini da wanda ya fi ihu shi ne farko. To wa ya kai ni? Na cika ɗakin har wata mai naƙuda a ɗaki na gaba ta yi shiru tana saurare.

Malam Garba ya dubi Yaya Lawali ya ce, "Kai fa, malam?"

Ya ce, "Ba komai. Ku fara da ƙanena."

"Da ƙafarka ka shigo?"

"Da ƙafata."

"To alhamdu lillahi. Samu wuri ka zauna."

Ya zauna a benci cikin baranda. Aka aske min gefen kai, aka ɗinke, aka naɗa min bandeji kamar za a ba ni sarauta. Na fito ina taƙama, ina ba masu jinya labarin yadda motar ta juya sau goma sha, alhali sau ɗaya ta faɗi. Yaya Lawali ya yafito ni ya ce in samo masa ruwa. Na kawo, ya shanye. Can ya ce in ƙaro. Na ƙaro. Na ce, "Yaya, ko raƙumin fatoma ka haɗiye?" Ya yi ɗan murmushi. Gumi na tsattsafo masa a goshi, da na taɓa hannunsa sanyi ƙalau, na ce a raina inuwa ce.

Wajen azahar ya ce kafaɗarsa ta hagu na ɗan damunsa. Na tuna maganar Inna, na je na jawo Malam Garba ina jin na cika alkawari. Ya zo ya ɗaga hannun, ya juya shi, ya latsa ƙashin, ya ce babu karaya, buguwa ce. Ya ba shi ƙwayar rage ciwo da man shafawa, ya koma kan wani mai karyayyar ƙafa da ke kiran sunan uwarsa.

Da aka kira la'asar Yaya Lawali ya yunƙura zai tashi alwala, ya koma ya zauna. Tunda nake ban taɓa ganin ya ji kiran salla ya zauna ba. Ya sake yunƙurawa, sai ya sulale daga kan bencin kamar rigar da ta zame daga igiya.

Wannan ihun da na yi shi ne na gaske, amma tun safe ake jin muryata, sai da na kama Malam Garba da kokawa kafin ya waiwayo. Ya durƙusa ya taɓa wuyan hannunsa, na ga fuskarsa ta sauya. Wani direban a-kori-kura da ya kawo mara lafiya ya leƙo ya ce, "Ku sa shi mota mu tahi Kaura wurin Malam Shehu. Mu direbobi in abu ya samu namu can muka kai shi, ko da za mu wuce asibiti nawa." Malam Garba bai yi musu ba. Shi ya kama ƙafafun, yana cewa a hankali, "Da Shehu na nan. Da Shehu na nan."

A asibitin Kaura akwai wani ɗaki dab da ƙofar shiga. Ni na fara faɗawa ciki da rawanina na bandeji, jini ya bushe a riga, ina kururuwa. Wani gajeren mutum mai furfura a gemu ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Kai kana da iskar ihu, zauna can." Malam Shehu ke nan. Ya wuce ni kamar turmi. Ya isa kan Yaya Lawali tun ba a gama sauke shi ba, ya ja fatar idonsa ƙasa, ciki fari fat kamar takarda. Ya kama wuyan hannu. Ya ɗage riga ya ɗora tafinsa a ciki, cikin ya yi tauri kamar ganga.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun hantsi."

Ya runtse ido. Ya buɗe ya ce, "Ya yi ta neman ruwa? Ya ce kafaɗar hagu?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya juya ga ma'aikatansa. Ya fara ba da umarni, ba tsawa, ba gudu, amma ɗakin ya motsa gaba ɗaya. Kafin in haɗiye miyau an ɗaura ƙarin ruwa a hannu biyu, an ɗaga ƙafafunsa, wani ya ruga kiran likita, wata ta ɗebi jini ta fita. Yara biyu da ke aiki ƙarƙashinsa ko tambaya ba sa yi, kowa ya san inda hannunsa zai je. Aka nemi masu ba da jini. Direban nan ya naɗe hannun riga, mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunyarsa ya shigo. Na miƙa nawa hannun, Malam Shehu ya ce, "Kai naka ka zubar a titi."

Da za a tura shi ɗakin tiyata Yaya Lawali ya buɗe ido ya neme ni. Na sunkuya. Ya ce, "Cukun Inna. Bar cin shi haka nan." Aka wuce da shi.

Malam Shehu ya dawo ya zaunar da ni ya kwance bandejin ya duba ɗinkin. Ya ce ɗinkin ya yi kyau, hannun Garba ne, ya gane shi. A bangon bayansa akwai wata takarda cikin gilashi, da hatimi ja. Na kasa zama shiru, kun san ni. Na ce, "Malam, kai likita ne?"

Ya ce, "Nas ne, kamar Garba. Makaranta ɗaya munka yi, asibiti ɗaya munka yi aiki, wancan da kunka baro. Bambancinmu waccan takardar. Bayan na yi shekaru ina aiki na koma karatu can Kudu, a kan haɗari da taimakon gaggawa kawai. Sai ka ci jarrabawa su ba ka ita. Abin da suka fara cusa muna shi ne, in an zubo maka mutane daga mota, bar mai ihu, mai ihu yana numfashi. Nemi wanda ya yi shiru. Jinin da ka gani a riga ba shi ne abin tsoro ba, wanda ke zuba a ciki shi ne."

Na ce, "To da ban yi ihu ba..."

Ya ce, "A'a. Yaro ya ga jini a fuskarsa ya yi ihu, mi ya yi na laifi? Ba aikinka ba ne ka sani, aikinmu ne. Shi ma Garba abin da aka koya masa ya yi. Kafin in tafi karatun nan ni ma kai zan fara ɗinkewa."

Na ce, "To me ya sa ka baro can?"

Ya shiga mayar min da bandejin. Ya ce shi ɗan Ɗan Isa ne, garin da ƙaramin asibitin yake, da ya gamo karatu can ya koma da murnarsa, don asibitin yana bakin babbar hanya, duk ranar kasuwa sai an kawo 'yan haɗari. Ya kai wa shugaban wurin takardar ya roƙi ɗaki ɗaya kusa da ƙofa, da yara biyu da zai koya wa aiki. Shugaban ya juya takardar gaba da baya ya ce nas ai nas ne, ya miƙa masa makullin sito ya ce ya riƙa ƙirga auduga. Yana nan yana ƙirga auduga har likitan nan na Kaura ya ji labarinsa ya nemi a dawo da shi nan. "Garba ma ya nemi a bar shi ya tafi karatun," in ji shi. "Sunka ce in ya tafi wa zai riƙe masu asibiti."

Na ce, "Da kana can da hantsi, da ya tashi?"

Ya ce, "Rai na Allah ne." Ya ɗaure bakin bandejin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amma da tun hantsi yana ɗakin tiyata."

Mutane da yawa sun ce min rai na Allah ne tun daga ranar, kuma na yarda, ni Musulmi ne. Shi kaɗai ne ya ƙara min rabin na biyu.

Kwanakin baya da zan dawo makaranta motarmu ta bi ta gaban ƙaramin asibitin. An yi masa sabuwar ƙofar ƙarfe, an shafa fenti kore da fari, an kafa ƙaton allo an rubuta Sashen Taimakon Gaggawa, da kibiya tana nuna baranda. Bencin na nan. Na hango Malam Garba shi kaɗai yana ratsa tsakar gidan da kwanon allura a hannu. Mai rubutun allon dai ya iya aikinsa.

Kun tambaye ni yadda tafiyar ta kasance, to ga ƙarshenta. Likita ya fito kafin magariba ya ce saifarsa ce ta fashe, jinin ya daɗe yana taruwa, sun yi abin da za su iya. Yaya Lawali ya rasu a kan gadon tiyata. Washegari muka kai shi Birnin Tsaba aka yi masa sutura.

Bayan mutane sun ragu na kai wa Inna ledar cukun, da gefen da na gutsura. Ta karɓa ta ajiye. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma faɗi sunansa ba. Tambaya ɗaya ta yi min.

"Ya faɗi inda ke masa ciwo?"

Na ce, "Ya ce ƙishirwa yake ji. Na ba shi ruwa."

Tantabarun da na rabar a bakin titi suna nan hannuna, har sun ƙyanƙyashe. Keken ɗinkinsa ne aka sa a rabon gado.